Inda Ƙafa Take Zama Ganga: Sharhi a Kan Waƙoƙin Baka da Raye-rayen Gargajiya na Tibet

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Idan har mun yarda da wannan magana, to wajibi ne manazarcin adabin baka ya riƙa yin tambaya biyu duk lokacin da wata waƙa ta shiga kunnensa: wane ne mai ita, kuma a gaban wa yake rera ta? Waɗannan tambayoyi su ne muke so mu ɗora a kan waƙoƙin baka da raye-rayen gargajiya na mutanen Tibet, wato al'ummar da ke zaune a bisa tudun nan mai faɗi da ke arewa da duwatsun Himalaya, inda akasarin ƙasar ya haura mita 4,000 daga matakin teku.

Abin da duniya ta saba ji da sunan kiɗan Tibet shi ne na gidajen ibadar addinin Buddha: muryoyin masu zuhudu suna karatu da amo mai zurfi, da dogayen ƙahonnin tagulla masu kama da kakaki, da wata busa mai kama da algaita. Tun daga ƙarshen shekarun 1960 faya-fayan irin wannan karatu suka shiga kasuwannin Turai da Amurka, har mai saurare ya ɗauka cewa mutanen Tibet ba su da wata murya sai ta ibada. Alhali kuwa akwai manomin sha'ir, da makiyayin shanun nan masu gashi da ake kira yak, da magini, da matar da ke ɗauko ruwa, kuma kowannensu yana da tasa waƙar.

Ra'ayin da za mu kare a wannan maƙala shi ne, ginshiƙin waɗannan waƙoƙi abu biyu ne, amshi da taka ƙasa. Mafi yawansu ba a ƙirƙire su domin 'yan kallo ba, domin wanda ya zo wurin ana sa ran ya karɓa ko ya shiga fage. Saboda haka ma'aunin da ya dace a auna rayuwarsu da shi a yau shi ne ko har yanzu ana amsawa, ba yawan dandamalin da ake nuna su a kai ba.

Waƙar Makiyayi da Dokokinta

A al'adance ana kasa ƙasar Tibet gida uku: U-Tsang a tsakiya da yamma, inda biranen Lhasa da Shigatse suke, sai Kham a gabas, sai kuma Amdo a arewa maso gabas. A yau babban ɓangaren Kham da Amdo yana cikin lardunan Sichuwan da Chinghai da Gansu da Yunnan na ƙasar Sin. Kowane yanki yana da karin harshensa da salon rerawarsa, amma ko'ina ana bambanta manyan nau'o'i biyu na waƙa, wato lu da she.

Lu ita ce waƙar da ba a taka rawa da ita. Ba ta da bugun da za a bi da tafi, kuma a asali ba a raka ta da kayan kiɗa. Mawaƙi yakan ɗaga murya can sama, ya ja gaɓa guda ya yi ta lanƙwasa ta, yana karya sautin a maƙogwaro, har numfashinsa ya ƙare. Tsawon ɗango a bakin mai rerawa ya dogara ne ga ƙarfin ƙirjinsa. Wannan salo ya dace da muhallin da ya haife shi, domin murya ce da aka horar don ta ƙetare kwari ta isa wancan tsauni.

Ta fuskar zubi, waƙoƙin lu na Amdo da yawa suna zuwa da baiti uku masu ƙira ɗaya. Baitin farko yakan ɗauko hoto daga sama, kamar rana ko gajimare. Na biyu ya sauko ƙasa, ya ambaci dutse ko kogi ko dabba. Sai a na uku mawaƙi zai iso ga mutane, ya faɗi abin da ke ransa. Wannan jinkirin faɗar manufa shi ne daɗin waƙar, domin tun daga baiti na biyu mai saurare ya fara hasashen inda aka nufa, kuma wanda zai mayar da amsa ya fara shirya nasa baitocin. A wurin biki, mawaƙi yakan riƙe farin ƙyallen girmamawa ko ƙoƙon abin sha yana rerawa, idan ya gama ya miƙa wa wani, wanda aka miƙa wa kuwa shi ne na gaba.

Akwai kuma waƙoƙin soyayya na Amdo da ake kira laye, waɗanda samari da 'yan mata ke yi wa juna a makiyaya ko a bayan gari. Dokarsu ita ce ba a rera su a cikin gida, kuma ba a yin su a gaban iyaye ko 'yan uwa na jini da ke tsakanin mace da namiji. Kunya ce babba a keta wannan doka. A ganinmu wannan hani ɓangare ne na waƙar kanta, kamar yadda kari da jigo suke ɓangarenta, domin shi ne ke ba kalmomin nauyinsu. Laye da aka sa a rediyo, uba da 'yarsa suna zaune suna ji, ta riga ta zama wata aba daban ko da ba a sauya mata gaɓa ɗaya ba.

She: Waƙa Mai Ƙafa

She kuwa waƙa ce mai kari tsayayye, wadda galibi ake haɗa ta da rawa. Sanannen zubinta a tsakiyar Tibet shi ne baiti mai ɗango huɗu, kowane ɗango gaɓa shida, an kasa su biyu-biyu, nauyi yana faɗawa a kan ta farko. Amsa-amon ƙarshen ɗango, wanda ɗalibin rubutacciyar waƙar Hausa ya saba nema da farko, ba sharaɗi ba ne a nan. Abin da ke riƙe baiti shi ne ƙirgen gaɓa da daidaita hoto da hoto, ɗango biyu na farko su kawo siffa, biyu na ƙarshe su warware ta. A wannan zubi ne aka tsara waƙoƙin soyayya sittin da 'yan kai da ake jingina wa Dalai Lama na shida, Tsangyang Gyatso, wanda aka haifa a 1683. Abin lura shi ne, shugaban addini mafi girma a ƙasar, da ya tashi yin waƙa, sai ya ari bakin talakawa, ya bar ƙasaitaccen salon malamai mai cike da adon harshe da aka koyo daga Indiya.

Uwar raye-rayen she ita ce gorshe, wato rawar da'ira. Maza sukan tsaya a rabi guda, mata a ɗaya rabin, a riƙe hannu ko a jera kafaɗa da kafaɗa. Ɓangare ɗaya ya rera baiti yana tafiya, ɗayan ya karɓa. Ana farawa a hankali, inda kalmomi ne ke kan gaba, sannan a koma ga sauri, inda ƙafa ke karɓe ragama. A ƙauyuka da yawa ba a buƙatar makaɗi ko ɗaya, domin takalman masu rawa su ne ganga. Ana yin ta a bikin sabuwar shekara da na girbi da na aure, kuma akan kwana ana yi, ɓangaren da baitocinsa suka fara ƙarewa shi ne ya sha kaye. Wannan yana nuna mana cewa gorshe rumbu ce ta adana waƙa, domin ƙauyen da ke son kare mutuncinsa a fage tilas ne tsofaffinsa su cusa wa matasa baitoci masu yawa.

A yankin Kham, garin Batang ya shahara da wata rawar da'ira da ake yi da riguna masu dogayen hannuwa, waɗanda masu rawa ke wurgawa sama suna kaɗawa. Mazan da ke jan layi suna riƙe da piwang, wani goge mai tsirkiya biyu, suna gogawa suna takawa a lokaci guda. Ko a nan, inda aka shigo da kayan kiɗa, makaɗin bai koma gefe ya zauna ba. Yana cikin da'irar, shi ma mai rawa ne.

Babu inda haɗuwar waƙa da ƙafa ta fi fitowa fili kamar a aikin arka. Arka wata ƙasa ce mai haɗe da tsakuwa da ake shimfiɗawa a daɓen ɗaki da rufin soro, irin wadda aka yi amfani da ita a fadar Potala da ɗakin ibada na Jokhang a Lhasa. Ma'aikata, maza da mata, sukan jeru sahu-sahu, kowa riƙe da sanda mai faifan dutse a gindinta. Sahu ɗaya ya rera yana dukan ƙasa da sanda da ƙafa, ya matsa gaba, ya juyo, sannan ɗaya sahun ya karɓa. Haka za a yi ta yi kwana da kwanaki har daɓen ya yi tauri, a goge shi, a shafe shi da mai. Duk wanda ya san waƙar daɓe ta matan Hausawa ba zai sha wahalar gane hikimar ba: waƙar ce ke daidaita faɗuwar madaɓi, idan kari ya karye daɓe ma ba zai yi bai ɗaya ba. Ke nan ana iya ganin ingancin waƙar da ido a jikin soron da aka gama.

Toshe da Nangma: Kiɗan Birni

Birnin Lhasa ya tace wasu daga cikin waɗannan raye-raye ya mayar da su kiɗan zaure. Toshe ta samo sunanta daga yankin To, wato ƙasar tudu da ke yamma, wajen Lhatse da Dingri, inda mai rawa kan rataya diranyen yana kaɗawa yana takawa. Diranyen molo ne mai dogon wuya, mai tsirkiya shida da aka ɗaura biyu-biyu, kuma ma'anar sunansa ita ce sauti mai daɗi. Da toshe ta shigo birni sai aka ƙara mata sarewa da goge da ƙananan ƙararrawa, da wani akwati mai tsirkiya da yawa da ake bugawa da siraran sanduna biyu. Masu rawa kuma sukan taka a kan katako domin sautin ƙafa ya fito sarai.

Nangma ta fi toshe nutsuwa da ƙasaita, kuma ita ce kiɗan liyafar masu mulki da attajirai. Tsarinta shi ne buɗewa da kiɗa zalla, sai waƙa mai tafiya a hankali, sai rufewa da rawa mai sauri. Game da asalin sunan akwai ra'ayi biyu. Wasu sun ce daga kalmar Tibet mai ma'anar ciki ya fito, wato kiɗan cikin gida. Wasu kuma sun ce daga kalmar nagma ne, wadda masu ilmin Larabci a cikinmu suka sani da ma'anar sautin waƙa, kuma ta iso Lhasa a bakin Musulmin Kashmir ta hanyar Farisanci da Urdu. Waɗannan fatake sun zauna a birnin tun ƙarni na 17, zamanin Dalai Lama na biyar, kuma zuriyarsu suna cikin fitattun 'yan ƙungiyar makaɗan nangma ta Lhasa. A rabin farko na ƙarni na 20 babu sunan da ya kai na Acho Namgyal a wannan fage, wani makaho gwanin diranyen da ya rasu a 1942.

Wannan tarihi yana rushe tunanin masu ɗaukar Tibet a matsayin ƙasa rufaffiya wadda al'adarta ba ta taɓa cuɗanya da ta kowa ba. Kiɗan da ake ɗauka shi ne mafi daraja a Lhasa ya haɗa rawar ƙauye, da kayan kiɗan da suka zo daga gabas, da hannun Musulmi 'yan kasuwa. Saboda haka duk mai kukan cewa baƙon abu ya shigo kiɗan Tibet, sai ya fayyace wane baƙo yake nufi, domin shigowar baƙo kaɗai ba ta taɓa kashe shi ba.

A wannan birni dai, zubin nan na ɗango huɗu ya yi wani aikin, wato habaici. Kafin 1959 babu jaridar yau da kullum da talaka zai kai kukansa, sai a wayi gari a ji sabon baiti yana yawo a titi, yana zambo ga wani hakimi da ya ci rashawa ko wani babba da aka tumɓuke. Ba a sanin wanda ya tsara shi, kuma matan da ke jigilar ruwa a lokacin babban bikin addu'a na shekara suna cikin masu yaɗa shi. Rashin sanin mai waƙar shi ne garkuwarta.

Daga Da'ira Zuwa Dandamali

Sojojin Sin sun shiga Tibet a 1950, kuma bayan boren Lhasa na 1959 Dalai Lama na 14 ya yi hijira zuwa Indiya tare da dubban mutane. Daga nan waƙar Tibet ta rabu gida biyu, kuma kowane gida ya ɗora ta a kan dandamali don wata manufa tasa.

A cikin ƙasar, hukuma ta kafa ƙungiyoyin kiɗa da rawa masu albashi. Aka ɗauki tsofaffin karuruwan waƙa aka ɗora musu sababbin kalmomi na yabon jam'iyya. Fitacciyar muryar wannan zamani ita ce Tseten Dolma, wadda aka haifa a 1937, ta yi karatun kiɗa a Shanghai, ta kuma fito a wani gagarumin wasan juyin juya hali a Beijin a 1964. A shekarun Juyin Al'adu, daga 1966 zuwa 1976, an hana yawancin waƙoƙin gargajiya a matsayin ragowar tsohon zamani. Bayan 1980 aka sassauta, har ma a 2006 gwamnati ta sa rawar da'ira da rawar Batang da waƙoƙin laye cikin jerin kayan gadon ƙasa. A 2009 kuma hukumar UNESCO ta karɓi wasan kwaikwayon waƙa na Tibet da tatsuniyar jarumi Gesar cikin nata jerin.

A gudun hijira kuwa, tun a watan Agusta na 1959 aka kafa cibiyar koyar da kiɗa da rawa a Kalimpong, wadda daga baya ta koma Daramsala. Wajibi ne mu yi adalci a nan: ba don irin waɗannan cibiyoyi ba, na ciki da na waje, da waƙoƙin nangma da toshe da dama sun bi tsofaffin makaɗa zuwa kabari. Amma dandamali yana da nasa sharuɗɗan. Yana buɗe da'ira ya mayar da ita layi mai fuskantar masu kallo, yana yanke rawar kwana guda zuwa minti biyar, yana zaɓen baiti biyu ya watsar da hamsin. A dandamalin hukuma mai rawa yana murmushi ne don ya nuna jin daɗin ƙananan ƙabilu, a na hijira kuma yana ɗauke da nauyin nuna wa duniya asalin da bai gurɓata ba. A duka biyun an rage abin da muka ce shi ne ginshiƙi, domin ba wanda ke jiran amsa daga kujerun 'yan kallo.

Cewa al'amarin ya wuce nishaɗi, labarin Ngawang Choephel ya isa shaida. Wannan manazarcin kiɗa, wanda ya tashi a Indiya ya kuma yi karatu a Amurka, ya shiga Tibet a 1995 don ɗaukar waƙoƙin baka a faifan bidiyo. Aka kama shi, aka yanke masa shekara 18 bisa zargin leƙen asiri, ba a sake shi ba sai a 2002. Fim ɗin da ya fitar a 2009 a kan waƙar Tibet ya sami lambar yabo a bikin fina-finai na Sundance. Ban da matsin siyasa, akwai kuma sauyin rayuwa: tun farkon shekarun 2000 an tsugunar da makiyaya masu yawa a sababbin unguwanni, siminti ya maye gurbin arka a gine-gine da dama, kuma yara da yawa suna karatu a makarantun kwana da harshen Sinanci. Idan aikin da ya haifi waƙa ya gushe, da wuya waƙar ta daɗe a bayansa.

Duk da haka, ba mu ce komai ya mutu ba. A farkon shekarun 1980 wani mawaƙin Amdo mai suna Palgon ya yaɗa salon dunglen, inda ake rera waƙa da ƙaramin molon Turawa, aka yi ta kwafarsa a kaset daga tanti zuwa tanti. Kayan kiɗan baƙo ne, amma siffantawa da sakaya zance na gida ne, kuma jama'a sun karɓe shi suna rerawa da bakinsu. Haka nan gorshe ta sake bunƙasa. Ana yin ta da yamma a filayen Lhasa da Shining da Chengdu, kuma bayan zanga-zangar 2008, da aka fara ware ranar Laraba don raya harshe da al'ada, 'yan hijira a Daramsala da Toronto da New York sun mayar da ita abin haɗuwarsu na mako-mako. Da'irar ta dawo, kuma kowa na iya shiga. Sai dai a mafi yawan waɗannan filaye lasifika ce ke yin waƙar, masu rawa suna bi da ƙafa bakinsu a rufe. An farfaɗo da rabi ke nan, saura rabi.

Kammalawa

A taƙaice, mun yi ƙoƙarin nuna cewa waƙar baka ta Tibet ba ta rabuwa da wurin yinta da dokar wanda ya halatta ya ji ta. Lu tana neman fili da mai amsawa daga nesa, laye tana neman kunya, gorshe tana neman ɓangare biyu masu gasa, waƙar arka kuma tana neman soron da za a daɓe. Faifai da dandamali da jerin kayan gado suna iya adana kari da tufafi da takun rawa, kuma wannan aiki ne mai amfani da bai kamata a raina ba. Abin da ba za su iya adanawa ba shi ne halin da mutum zai tsaya a fage, a jefo masa baiti, ya mayar da wanda ya dace nan take daga abin da ya haddace ko ya ƙirƙira. Ga ɗalibin da zai fita ɗaukar waƙoƙin baka a kowace al'umma, darasin shi ne kada ya tsaya ga rubuta kalmomi kawai. Ya rubuta wanda ya fara da wanda ya karɓa, da wanda ya tashi ya bar wurin saboda bai kamata ya ji ba, domin waɗannan duka suna cikin matanin waƙar.